Iyaye Na Da Haƙƙin Sanin Mai Tsara Darasin 'Ya'yansu

Malam Edita,

Gwamnatin Jigawa ta ƙulla yarjejeniya da NewGlobe, kamfanin ƙasar waje da ya yi aiki a makarantun Edo da Legas da Kwara, inda malami ke karanto darasi daga na'urar hannu. Ba na ƙin taimako, domin yaranmu na buƙatar iya karatu tun daga firamare. Amma a 2016 kotun Uganda ta ba da umarnin rufe makarantun kamfanin Bridge guda 63, kuma tushensu ɗaya da NewGlobe.

Ina roƙon hukumar ilimin firamare ta jiha (SUBEB) da shugabannin makarantun ƙasar Kazaure su tara iyaye, su yi mana bayani da Hausa: wa ke rubuta darussan nan? Nawa ake biyan kamfanin? A hannun wa sunayen yaranmu da makinsu suke?

Wani mahaifi,
Achilafiya