Daga Kura Zuwa Duwatsun Riruwai: Hanyar Da Aka Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Duk shekara idan hutu ya matso, masu hannu da shuni a birnin Kano sukan shiga shirin tafiya Dubai ko Masar ko Ingila, wai don su ba idanunsu abinci. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tunanin cewa a cikin Jihar Kano akwai hanyar mota wadda ke fara ratsa gonakin noman rani mafi faɗi a jihar, ta bi gefen babban tafki, ta keta daji, sa'an nan ta ƙare a gindin duwatsun da suka fi kowane wuri tudu a ƙasar Kano. Wannan hanya ita ce wadda ta tashi daga Kura da Bunkure ta nufi Tiga, da Falgore, da Riruwai. Ya kamata jama'a su san ta, kuma ya kamata Gwamnati ta daina yi mata kallon hanyar motocin kaya kawai.

Mai niyyar wannan tafiya sai ya fara daga ƙasa ya bi ruwa zuwa sama, watau ya yi kishiyar tafiyar da ruwan ke yi. A Kura da Bunkure da Garun Malam zai ga abin da Shirin Noman Rani na Kogin Kano ya haifar: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani, ga magudanai sun ratsa gonaki kamar an ja su da zare. An tsara kashi na farko na shirin a kan kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne, ruwan yana gangarowa da kansa daga Tiga, ta babbar magudana, ya huta a Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu zuwa gonaki, ba tare da inji ya tura shi ba. Dalili kuwa shi ne ƙasar Kano ta kudu ta fi ta arewa tudu. Wannan gangara da ke kawo ruwa Kura ita ce hawan da matafiyi zai yi.

Daga Bunkure hanya ta miƙe zuwa Rano, ɗaya daga cikin garuruwan Hausa Bakwai, kuma daga nan ne duwatsu ke fara ɗago kai. A wajen Rurum sun yi cincirindo, wasu a kan wasu, kamar da gangan aka ɗora su. Gaba kaɗan sai Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin mulkin marigayi Alhaji Audu Baƙo, tafkin da aka gina don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Marigayin bai tsaya kan noma kaɗai ba. Ya gina masaukin baƙi a kan dutse a Tiga, ya gina wani a bakin tafkin Bagauda, don ya hango cewa inda ruwa da dutse suka haɗu, baƙi za su zo. Na Bagauda daga baya an mayar da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Na Tiga kuwa ya shafe shekaru masu yawa ba a ba shi kulawar da ta dace da shi ba, kuma gwamnatocin da suka biyo baya ba su da wata hujja a kan haka.

Bayan Tiga sai matafiyi ya fita babban titin Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora ya kama hanyar Jos, ya wuce Tudun Wada, ya shiga dajin Falgore. A nan ne ya kamata a tsaya a yi magana sosai. Tun zamanin Turawa aka keɓe wannan daji da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji, kuma faɗinsa ya kusan murabba'in kilomita 1,000. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya faɗa Tiga. Itatuwan doka da maje da kaɗanya da ke cikinsa su ne ke riƙe ƙasa idan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk buhun gawayin da aka ɗoro a mota daga wannan yanki, itace ne ya faɗi. Inda itace ya faɗi kuwa, ruwan sama zai kwashe ƙasar wurin ya kai ta cikin tafki, tafkin ya riƙa cikewa da laka a hankali. Ƙarshen lissafin yana kan manomin Kura da na Bunkure, wanda wataƙila bai taɓa taka Falgore ba, bai kuma san cewa gatarin da ake sarawa a can gonarsa yake sara ba.

Saboda haka wannan tafiya ta wuce shaƙatawa. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, da makarantun sakandare na Kura da Bunkure da Rano, su ne suka fi cancanta su fara yin ta. Yaron da ya ga inda ruwan gonar mahaifinsa ya fito ba zai buƙaci dogon wa'azi a kan sare itatuwa ba.

Ba shakka akwai masu cewa hanyar ba ta da aminci, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. A shekarun baya dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi, har ta kai a 2017 Rundunar Sojan Nijeriya ta mayar da wani sashe nasa filin horar da sojoji. To, amma fa hanyar da mutanen kirki suka ƙaurace wa ita ce ɓarawo ke gāda. Abin da ya wajaba ga matafiyi shi ne ya tashi bayan sallar Asuba, ya shirya yadda zai ratsa dajin da hantsi, ya kuma fito daga cikinsa kafin La'asar a kan hanyarsa ta komowa. Kada ya kuskura dare ya same shi a ciki. Kafin ya tashi, ya tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum a tasha, domin sun fi kowa sanin halin da take ciki a wannan mako. Kuma gara motoci biyu ko uku su tafi tare.

Bayan daji sai ƙasar Doguwa, inda hanya ke rabuwa zuwa Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, amma duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000, don haka iskar wurin ta fi sanyi, ruwan sama ya fi yawa, ciyawa ta fi daɗewa da ɗanyenta. An daɗe ana haƙar kuza a wannan wuri, tun kafin zamanin Turawa, kafin sana'ar ta durƙushe, musamman bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985. Akwai kuma ruwa mai zubowa daga kan dutse a Zainabi. Baƙon da ya isa sai ya fara zuwa gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, ya nemi a ba shi ɗan jagora, saboda tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai ba su da alama. Wanda ke da sauran ƙarfi yana iya zarcewa Saminaka a Jihar Kaduna, ya hau tudun Jos.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne, domin ba a samun kome da kome a wata guda. A watan Agusta ruwan Zainabi yana cike, amma ƙananan hanyoyi sun jiƙe. Daga Disamba zuwa Fabrairu gonakin Kadawa sun yi kore shar da alkama da tumatir, kasuwar Kwanar Gafan tana cika tana batsewa, amma hazo yakan rufe duwatsu har mutum ya tsaya a gindinsu bai ga kansu ba. Mafi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ake yankan shinkafa, sararin sama ya washe, ƙoramu ba su ƙafe ba tukuna. Mota kuwa a duba birkinta da tayoyinta, a tafi da safaya da jak da ruwa a jarka, a cika tanki tun daga Kura ko Kwanar Ɗangora. A gangara direba ya sa ƙaramin giya, kada ya dogara ga birki kaɗai. Iyaye kuma su hana yara wanka a magudanai, saboda ƙarfin ruwa da kuma cutar tsargiya.

A ƙasar Ostiriya akwai hanyar dutse da ake kira Grossglockner, mai tsawon kilomita 48, wadda aka buɗe a 1935. An gina ta ne a lokacin da rashin aikin yi ya addabi ƙasar. Ƙanƙara tana rufe ta kusan rabin shekara, amma duk da haka baƙi na biyan kuɗi su bi ta, kuɗin kuma na komawa wajen gyaranta. Duwatsun Riruwai ba su kai nasu tsawo ba, wannan gaskiya ne, amma babu watan da ƙanƙara ke rufe hanyar Falgore. Abin da ta rasa ba mai yawa ba ne: allunan da ke nuna hanya da Hausa, wuraren tsayawa masu masallaci da makewayi a Tiga da bakin daji, ma'aikatan gandun daji masu isassun kayan aiki da albashi a kan kari, da sintiri na yau da kullum tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Hukumar yawon buɗe ido ta jiha da ƙananan hukumomin Kura, Bunkure, Rano, Tudun Wada da Doguwa suna iya zama teburi guda su raba wannan aiki kafin kakar bana ta wuce, su fara da motar ɗalibai guda ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma.