Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Makarantun Kuɗi na Cikin Birnin Kano



Mun sani, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tsadar rayuwa ba ta bar ku ba. Amma a nan Sheshe magidanci na cin bashi ya biya kuɗin zango, ya leƙa aji ya tarar da ɗansa cikin yara biyar a benci ɗaya, fanka ba ta juyawa. Malamai da yawa kuma albashinsu bai kai naira 71,000 ɗin da gwamnatin Kano ta tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba.

To ina kuɗin ke tafiya? Don Allah, kafin ƙarin kuɗin makaranta na gaba, ku tara iyaye ku baje lissafi: nawa ke tafiya haya, nawa albashi, nawa kuke samu a littattafan da ake tilasta mana saye a wurinku.

Naku,
Wani uba daga Sheshe