Waƙoƙin Agaji Na Taurari: Kuɗi Sun Taru, Amma Ina Daɗin Waƙar?

Taƙaddamar da ta tashi a Birtaniya a watan Nuwamban 2024, lokacin da aka fitar da sabon zubin waƙar Do They Know It's Christmas? domin cikarta shekara 40, ta maido da tsohuwar muhawara kan waƙoƙin da taurari ke haɗuwa su rera don tara kuɗin agaji. Mawaƙi Ed Sheeran ya bayyana cewa ba a nemi izininsa ba kafin a sake amfani da muryarsa, kuma da an nema da bai yarda ba. Ya jingina matsayinsa da hujjar Fuse ODG, mawaƙin Birtaniya ɗan asalin Ghana, wanda tun 2014 ya ƙi shiga aikin saboda yadda waƙar ke siffanta Afirka a matsayin nahiyar yunwa da bara.

Asalin wannan al'ada ya girmi 1984. A 1971 George Harrison, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya fitar da waƙar Bangla Desh bayan abokinsa Ravi Shankar ya kai masa kukan 'yan gudun hijirar yaƙin Gabashin Pakistan, sannan suka shirya babban wasa a birnin New York ranar 1 ga Agusta. Sai dai salon da duniya ta sani a yau, wato tara manyan muryoyi a ɗaki ɗaya kowa ya ɗauki ɗango guda, ya samo tushe ne daga rahoton da Michael Buerk na BBC ya aiko daga garin Korem na Habasha a watan Oktoban 1984, da hotunan ɗan Kenya Mohamed Amin. Bob Geldof ya kalli rahoton, ya nemo Midge Ure, suka tsara waƙa cikin gaggawa. Ranar 25 ga Nuwamba aka naɗe ta a Landan cikin yini ɗaya. Ta sayar da faifai miliyan ɗaya a makon farko, ta tara kusan fam miliyan 8, kuma ta riƙe kambun waƙar da ta fi kowace kasuwa a Birtaniya har zuwa 1997.

Amurkawa ba su yarda a bar su a baya ba. Harry Belafonte ya kawo shawara, Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta We Are the World, Quincy Jones ya jagoranci naɗar ta a Los Angeles a daren 28 ga Janairun 1985. Ta tara fiye da dala miliyan 60.

Ta fuskar kuɗi ke nan. Ta fuskar fasaha kuwa, hukuncin masana ya fi tsauri, kuma shi kansa Geldof ya taɓa cewa a 2010 yana da hannu a biyu daga cikin waƙoƙi mafiya muni a tarihi, yana nufin waɗannan biyun. Raunin yana cikin ginin waƙar ne tun daga tushe. Dole karin ya zama mai sauƙin da mawaƙi zai iya koya cikin mintuna, dole ya dace da mai siririyar murya da mai kakkaura, dole kuma amshi ya yi ta maimaituwa domin kowane tauraro ya samu daƙiƙunsa a gaban kyamara. Abin da ke fita daga irin wannan tukunya mai masu dafi da yawa ya fi kama da jerin gwanon fuskoki. Mai sauraro ba ya bin ma'ana, yana ƙoƙarin gane muryar wane ce ta shigo. Hatta Bob Dylan sai da Stevie Wonder ya kwaikwayi muryarsa a kan fiyano kafin ya gano yadda zai rera nasa kason, kamar yadda fim ɗin Netflix na 2024 kan wannan dare ya nuna.

Duk da haka bai dace a yi musu kuɗin goro ba. We Are the World ta fi ta Landan ƙarfin gini, domin ta ari salon waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka, inda jagora ke jefawa jama'a na amsawa, kuma musayar Stevie Wonder da Bruce Springsteen da shigowar Ray Charles a ƙarshe aiki ne na gwanaye. Ba banza ta lashe kyautar Grammy huɗu a 1986 ba.

Matsalar waƙar Band Aid ta fi tsanani a kalmominta. Takenta na tambayar ko mutanen Habasha sun san lokacin Kirsimeti ya yi, alhali addinin Kirista ya kafu a ƙasar tun ƙarni na 4, kafin Ingila ta karɓe shi, suna kuma bikinsu ranar 7 ga Janairu. Ta siffanta yankin a matsayin wurin da babu kogi, a ƙasar da Shuɗin Nilu ke fitowa daga tafkin Tana. Ta kuma ɗora laifin yunwar kan fari kaɗai, ba ta ambaci yaƙin da gwamnatin Mengistu Haile Mariam ke yi a Tigray da Eritiriya ba, ko tilasta wa manoma ƙaura, abin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tir da shi har aka kore ta daga ƙasar a Disambar 1985. Masu kare waƙar na cewa mai jin yunwa bai damu da baiti ba, hatsi yake nema, kuma hatsin ya isa. Hujja ce mai nauyi, sai dai ba ta bayyana dalilin sake rera kusan kalmomi iri ɗaya a 1989 da 2004 ba.

Mawaƙan Afirka sun gwada wata hanyar. A 1985 Manu Dibango na Kamaru ya tara su Salif Keita da Mory Kanté a birnin Paris suka yi Tam Tam pour l'Éthiopie. A 2014, sa'ilin da cutar Ebola ke kisa a Gini da Laberiya da Saliyo, Tiken Jah Fakoly da Oumou Sangaré da Amadou da Mariam da wasu suka fitar da Africa Stop Ebola da Faransanci da harsunan yankin irin su Bambara da Susu. Da mutanen da cutar ta shafa take magana kai tsaye: su amince da likita, su guji taɓa gawa, su wanke hannu. Ribarta ta tafi ga MSF.

Kasuwar ma ta sauya. A 1984 mutum kan shiga kanti ya sayi faifai, wani ma ya sayi biyar don ladan sadaka, har gwamnatin Margaret Thatcher ta sha matsin lamba ta mayar da harajin da ta karɓa a kan cinikin. A yau yawancin mutane ta intanet suke sauraro, inda abin da ake biya kan kowane sauraro bai taka kara ya karya ba, shi ya sa masu shirya irin wannan aiki suka fi dogara da wasannin kai tsaye da gudummawar da ake turawa ta waya.