Kira ga Gwamnatin Jigawa kan Masu Jinyar Marasa Lafiya da Ke kan Na'urar Numfashi

Zuwa ga Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi, da Kwamishinan Lafiya, da shugabannin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Mu mutanen Gwaram muna da koke.

Ranka ya daɗe, idan jijjiga ta kama mai ciki a ƙauyukanmu, ko maciji ya sari manomi, ko aka yi hatsarin mota, har numfashi ya gagara, Birnin Kudu ake nufa, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Malam Aminu Kano a Kano. Can ne ake sa ran samun na'urar taimakon numfashi. Tun zamanin korona a 2020 ake yawan zancen sayen wannan na'ura, amma ba kasafai ake zancen wanda zai zauna kusa da ita ba.

Wanda aka zura wa bututu a maƙogwaro ba ya magana, ba ya iya tofar da kaki. Nas ce za ta zuƙe masa majina, ta wanke masa baki, ta ɗaga kan gadonsa kimanin digiri 30 zuwa 45 don kada abin da ke cikinsa ya gangaro huhu. Ita ce za ta juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. In na'ura ta yi ƙara, nas ce za ta gane ko bututu ne ya toshe ko ya goce, kuma a wannan hali mintuna kaɗan ake da su. Aka yi sakaci da waɗannan, ciwon huhu na iya shiga bayan kwana biyu, ya kashe wanda ciwonsa na farko bai kashe ba. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya, dare da rana. Ɗan'uwa mai zaman jinya, duk ƙaunarsa, ba zai iya wannan ba.

Fashewar tankar mai a Majiya cikin Oktoban 2024 ta nuna mana yadda buƙatar ke zuwa ba sallama.

Alhamdu lillahi, Birnin Kudu tana da kwalejin koyon aikin jinya ta jiha, ga kuma asibitin tarayya a gari ɗaya. Muna roƙon a haɗa hannu a buɗe kwas na musamman kan jinyar masu matsanancin ciwo, a ɗauki nauyin 'ya'yanmu, a kuma ba su alawus da zai hana su tafiya Saudiyya ko Ingila. A tabbatar da wutar sola da iskar oksijin a ɗakunan masu matsanancin ciwo. Mu kuma a Gwaram, a ba mu motar asibiti mai oksijin da nas a ciki, domin hanya ma tana cin rai.

Allah Ya taimaki Mai Girma Gwamna, a duba wannan koke a kasafin kuɗi mai zuwa.