Gwajin Ƙullutun Nono: Abin Da Ya Kamata Mu Tambayi Likita Kafin A Fara Magani

Ƙididdigar da hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna cewa mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar nono a Nijeriya, kuma sama da 16,000 suka rasu ta dalilinta. Mu da muke zaune a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar mun san yadda wannan cuta take cinye dukiyar gida. Akan kai shanu da tumaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a sayar da gero da riɗi, domin a nemi lafiyar uwa ɗaya. Saboda haka ya wajaba mu san ko maganin da ake saye da wannan kuɗi shi ne ya dace da cutar.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, sankarar nono iri-iri ce. Mata biyu za su iya samun ƙullutu mai girma ɗaya, amma maganin da zai taimaki ta farko ya zama ba shi da amfani ga ta biyu. Hannun likita ba ya iya rarrabewa, hoton nono ma haka. Sai an ɗebi ɗan gutsuren tsoka daga ƙullutun, da allura ko ta hanyar tiyata, an duba shi a ɗakin gwaje-gwaje.

Gwajin farko yana tabbatar da ko ƙullutun sankara ne, domin yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne. Idan an tabbatar, sai a yi gwaji na biyu, wanda yake neman alamomi uku: ER, PR da HER2. Idan an sami ER ko PR, wato sankarar tana girma ne da sinadaran da jikin mace yake samarwa. Irin wannan tana jin ƙwayar tamoxifen, wadda ake sha kullum har shekara 5 zuwa 10, kuma tana cikin magungunan sankara mafi araha. Matar da ta daina al'ada ana iya ba ta letrozole ko anastrozole. Idan kuwa babu waɗannan alamomi, shan tamoxifen ɓarnar kuɗi ne da ɓata lokaci.

HER2 kuwa, a shekarar 1987 wani likita a Amurka, Dennis Slamon, ya nuna cewa sankarar da take da yawan wannan alama ta fi saurin yaɗuwa. A 1998 aka amince da maganin trastuzumab domin yaƙarta, a 2015 kuma Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Magani ne mai tsada ƙwarai, kuma sai ana duba zuciyar mai karɓarsa. Bai kamata iyali su ci bashi dominsa ba sai gwaji ya nuna akwai HER2. Idan duk alamomin uku babu su, babban makami shi ne maganin kemo tare da tiyata.

Akwai wani al'amari da ya shafe mu kai tsaye. Binciken da aka buga a 2009, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta a kan mata a Nijeriya da Senegal, ya sami ER a kusan kashi 24 cikin 100 kawai. Amma wani bincike da aka yi a Ibadan, aka buga a 2008, ya sami kusan kashi 65. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suke bayarwa game da irin wannan bambanci shi ne yadda ake adana tsokar. Ƙa'ida ita ce a sa ta cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya ta cika da cire ta, ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. Tsokar da ta daɗe a waje, ko ta kwana da kwanaki a hanya cikin zafin bazara, alamominta suna iya ɓacewa. Sai sakamako ya ce babu ER alhali akwai, mace ta rasa magani mai araha da zai tsawaita ranta.

To, ga mu nesa da manyan asibitoci. Mace takan fara daga Babban Asibitin Gumel, daga nan a tura ta Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wannan na ƙarshe yana cikin asibitoci shida da aka fara Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da su a 2021. Duk tsawon tafiyar nan, tsokar da aka cire tana bukatar kulawa kamar majiyyaciyar kanta.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu yarda a cire ƙullutu a jefar ko a binne ba tare da gwaji ba. Mu tambayi likita cikin ladabi: ina za a kai tsokar, yaushe za ta isa, kuma za a duba ER, PR da HER2? Mu karɓi takardar sakamako mu adana ta, mu tafi da ita duk asibitin da aka tura mu. Ƙungiyoyin zumuntar mata, idan sun tashi tara gudummawa, su fara da kuɗin gwaji da na mota.

Ga hukuma kuwa, shirin da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya nemi a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta tabbatar akwai fomalin mai kyau a kowane ɗakin tiyata, ta kuma tsara motar da za ta riƙa kai tsoka ɗakin gwaji a kan lokaci, ta dawo da sakamako hannun majiyyata.