In Ɗanka Zai Zama Lauya, Ya Tuna Da Kafanchan

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, musamman mutanen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, yau maganarmu a kan yaranku ne masu sha'awar aikin lauya.

Tun daga sakandare ake yin tuntuɓe. Yaro ya ci darussa biyar, amma in babu Adabin Turanci a ciki, ƙofar sashen shari'a ta rufe ke nan, kome yawan makinsa a jarrabawar JAMB. Iyaye da dama ba su jin wannan sai bakin alƙalami ya bushe.

In Allah ya sa ya samu shiga, a ce a Kongo, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shekara 5 zai yi. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko a 1962, hedkwatarta ta koma Bwari a 1997, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. A nan sai a yi hattara. Kowace jami'a akwai adadin ɗaliban da aka yarda ta tura. Wadda ta kwashi fiye da ƙima, yaranta sai su zauna jiran layi da digiri a hannu. Uba ya tambaya kafin ya biya ko kwabo.

To, bayan an sa masa hular lauya fa? Yawancin yaranmu Ikko suke maƙalewa, suna ɗaukar wa manyan lauyoyi jaka, albashin kuwa kuɗin mota da haya sun cinye. A ganina wannan hasara ce. Tun gyaran da aka yi wa kotuna a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, Jihar Kaduna na da kotunan gargajiya da na shari'ar Musulunci. Rigimar gona da gado da iyakar ƙauye ba ta ƙarewa a kudancin jihar, kuma tsohon da ake neman ƙwace wa gonar citta yana bukatar wanda zai saurare shi da Jju ko Tyap ko Hausa, ba ta bakin tafinta ba.

Ba na cewa kuɗi na zuba a can. Manomi sai bayan kaka yake biya, wani ma da buhun hatsi. Amma shekara 10 da doka ta ce lauya ya cika kafin a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, a Kafanchan ma ana ƙirga su.