Ƙuri'ar Mace Shaida Ce, Kada A Sayar Da Ita

Zaɓen 2027 yana ƙaratowa, 'yan siyasa kuma sun fara tunawa da hanyoyin ƙauyukan da suka manta da su tun 2023. A mazaɓar Kara da maƙwabtanta irin su Getso da Lakwaya da Kutama, har zuwa Garo da Gude a ƙaramar hukumar Kabo, kowa ya san cewa layin mata a rumfar zaɓe ba gajere ba ne. Su ne ke sammako, su jure rana da goyo a baya. Abin takaici, su ne kuma ake fara nufa da taliya da sabulu da turmin atamfa.

Ya kamata mu tuna cewa wannan dama ba a ɓagas aka same ta ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun kaɗa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da jagoranta Malam Aminu Kano, sun sha suka saboda neman a bai wa mata wannan haƙƙi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kansa. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara zaɓe, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da shi. Abin da aka yi sama da shekara 20 ana fafutukar samu bai dace a musanya shi da abincin kwana biyu ba.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Mata sun yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a da kansu, kamar yadda ya zo a Suratul Mumtahana. A Hudaibiyya, shawarar Uwar Muminai Ummu Salama (RA) ce ta warware abin da ya tsaya wa Sahabbai a rai. Malaman tarihi sun ruwaito cewa lokacin da Abdurrahman ɗan Auf (RA) yake tuntuɓar mutanen Madina a kan wanda zai gaji Sayyidina Umar, har mata ya nemi ra'ayinsu a cikin gidajensu. Malamai da dama na wannan zamani suna ɗaukar ƙuri'a a matsayin shaida, wato mai zaɓe yana shaida cewa wane ya cancanci riƙe amana. Shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai, ko da kuɗi aka saye ta ko da kayan miya.

Yankinmu ba baƙo ba ne a gidan mulki. Sanata Barau Jibrin, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023, ɗan Kabo ne. A zaɓen gwamna na wannan shekarar, manyan jam'iyyu biyu duk daga nan suka ɗauko 'yan takarar mataimaki: Aminu Abdussalam daga Gwarzo, Murtala Sule Garo daga Kabo. Ke nan 'yan siyasa sun san nauyin ƙuri'unmu. Saura mu mu san shi, mu kuma nemi abin da ya kai darajarsa.

Me za mu nema? Mu ɗauki misali guda da ya shafi kowane gida. Babu magidancin da ba ya son likita mace ta duba iyalinsa, ko ungozoma ƙwararriya ta karɓi haihuwarta. Amma likita mace ba daga sama take faɗowa ba. Yarinya ce da ta samu makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje da malamin lissafi da na kimiyya. Kano ta taɓa gwada wannan hanya da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma an ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu. Irin wannan shawara a kasafin kuɗi ake yanke ta, waɗanda muka zaɓa ne kuma suke yanke ta. Don haka duk ɗan takarar da ya zo Kara, a tambaye shi makarantun 'yan mata nawa zai wadata da kayan kimiyya, da yadda zai samar da ma'aikatan jinya mata a asibitocin karkara.

Muna kira ga magidanta su ƙyale matansu da 'ya'yansu mata da suka cika shekara 18 su yi rajista, su karɓi katinsu, su fita zaɓe cikin sutura da mutunci. A yi shawara a gida, amma kada maigida ya riƙe katin matarsa ko ya tilasta mata wanda za ta dangwala wa, domin kowa shaidarsa za a tambaye shi. Ɗalibai kuma, musamman na Islamiyya da manyan makarantu, su karanta wa iyayensu alƙawuran 'yan takara, su rubuta su a ajiye don ranar da za a dawo neman ƙuri'a. Malamanmu mata su sanya wannan magana a darussansu, kamar yadda Nana Asma'u ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun 'Yan Taru.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, ko kashi 30 cikin 100 ba su fita ba. Wanda ya ƙi fita ya bar wa masu sayar da ƙuri'a su zaɓa masa shugaba.

Allah Ya zaɓa mana shugabanni masu tsoronSa, masu tausayinmu. Amin.